Sun Share Gonar Kawu Don Su Binne Shi

Duk wanda ya shigo gidan Kawu a Kakau a makon da ya rasu, gaisuwa biyu yake yi. Ta farko ga Mama, matarsa, wadda ke zaune a tabarma cikin matan zumuntar ikilisiya: sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar, Baba ya je hutawa. Ta biyu kuwa filin bayan gida ake yi wa. Mutum zai zagaya ya wanke hannu, ya dawo fuska a sake.

"Kai, matasa sun yi ƙoƙari! Yanzu ne gidan nan ya yi kama da gidan mutane."

Wata dattijuwa daga Unguwar Boro ta ce da ma ta daɗe tana tsoron zuwa gidan saboda maciji. Wani maƙwabci ya ce, "Baba Ciyawa ke nan, mutumin kirki, ba shi da abokin faɗa. Sai dai wannan abin nasa." Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, aka tsuke baki. Ina raba ruwa a lokacin. Na ajiye tiren na bar wurin.

Ba na so in yi wa kowa ƙazafi. Na san al'ada ce. In babba ya rasu, matasan ikilisiya sukan zo da adda da langalanga su gyara gida kafin baƙi su cika, don kada a ce an bar gidan mamaci cikin daji. Kawu kuma ya bar wasiyya a binne shi a bayan gidansa, to dole a sami wajen kafa kanofi. Da zuciya ɗaya suka yi, suna aiki suna waƙa. Amma abin da suka sare ba daji ba ne. Aikin rayuwar mutumin da suka zo yi wa kuka ne, kuma kafin in iso daga Mahuta sun gama. Na yi ta ƙoƙarin in rubuta wannan ta'aziyya cikin natsuwa, na kasa. Don haka zan rubuta ta yadda take a raina.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya yi aiki a wata tashar binciken noma da kiwo har ya yi ritaya, kuma duk tsawon aikinsa a kan abincin dabbobi ya yi shi: wace ciyawa ce ke jure kiwo, wacce ce ke daɗewa kore in rani ya shigo, wacce ce ke gyara ƙasar da masara ta gajiyar. Ya yi yawo a fadamu da burtali yana haƙo tushen gamba, don a cewarsa gambar wani wuri ba ɗaya take da ta wani wuri ba. Da ya ga filayen gwajin tashar sun fara zama kufai bayan tafiyarsa, sai ya riƙa ɗauko tushe kaɗan-kaɗan a bayan babur yana dasawa a Kakau, layi-layi. Wasu wuraren da ya haƙo su yanzu gidaje ne. Wasu kuma ba mai iya zuwa saboda rashin tsaro. Iyakar sanina, akwai layukan da ba su da sauran 'yan'uwa a ko'ina sai a bayan gidan nan.

Bai yarda da allon katako ba, wai gara na cinyewa, fenti kuma ruwa na wankewa. Sai ya riƙa sa wa kowane layi alama da kayan kicin. Tsohuwar buta a kan wannan, murfin tukunya a kan wancan, ludayi, rariya, kwanon sha. A nan rigimarsu da Mama ta samo asali, kuma ba ta ƙare ba har ya mutu.

"Baban yara, ina butata?"

"Wace buta?"

"Buta nawa gare ni a gidan nan? Ta shayi!"

"Ai ta huje."

"Ba ta huje ba sai da ka huda ta! Na ji ƙarar ƙusa!"

Sai ya juyo wajena, ni da na zo hutun makaranta, ya kashe ido ɗaya. "Kin gani ko? An ba butarta babban matsayi, tana kuka."

Layin butar shi ne abin alfaharinsa. Shekara da shekaru yana zaɓen tushen da ya fi daɗewa kore yana rabawa, yana cire sauran. In gambar gefen hanya ta bushe ta zama ta yin zana, ta layin buta tana nan da ɗanyen ganye. Ni da na karanta ilimin ƙasar noma ba zan ce an tabbatar da wannan ta hanyar da ake bi a tabbatar ba, domin ba a yi gwajin a wurare daban-daban ba. Amma na gani da idona rani bayan rani.

Shi ya sa na karanta abin da na karanta. Ɗalibai kan zo wajensa daga makarantu, ya tsayar da su a rana. Zai ɗebo ƙasa daga gindin gamba a hannun dama, ya ɗebo ta gonar masarar maƙwabci a hannun hagu, ya miƙa wa yaro har hanci. "Sansana. A'a, ba kallo na ce ba, sansana!" Sannan ya zuba wa kowacce ruwa. Ta hagu ta narke ta bi yatsunsa, ta dama ta tsaya dunƙule. Ba ya ƙara bayani sai wani ya yi tambaya. In ba wanda ya yi, ya ce wa malaminsu, "Ka mayar da su, ba su zo ba tukuna."

Ni kuwa suna ya raɗa mini, Malama Wataƙila, domin duk tambayar da ya yi mini da kalmar nake farawa. "Me ya sa ganyen nan ya yi ruwan ɗorawa?" "Wataƙila ruwa ya kwanta, ko kuma wataƙila..." Sai ya ɗaga hannu. "Malama Wataƙila, akuya ba ta cin wataƙila. Je ki tona ki gani." Amma wata rana da na ji haushi ya ce mini, a hankali, gara mai shakka da mai tabbacin da bai tona ba.

Kowa yana da izinin yankan ciyawa a filin: mai tumaki, mai zomo, Fulanin da ke wucewa da shanu, ba ya tambayar addinin mutum ko garinsu. Sharaɗi ɗaya ne, a bar tsawon tafin hannu daga ƙasa. "Yanka ka ci, amma ka bar mata abin tashi." Na taɓa ganin ya ƙwace lauje daga hannun wani dattijon ikilisiya da ya yanke har ƙasa, ya raka shi bakin ƙofa. Ranar Lahadi suka zauna benci ɗaya ba wanda ya kalli wani. Kawu ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai, kuma ban taɓa jin ya ce a yi haƙuri ba, sai dai ya aika wa mutum da rake.

Akwai wata mata 'yar Binuwai da ke zaune kusa da ni a Mahuta, muna ce mata Maman Awaki. Tun da masaƙa ta sallami mijinta, awaki ne ke riƙe gidan. Wani rani suka rasa abin ci suka bi bola suna cin leda, suka fara mutuwa. Na ba Kawu labari a cikin hira kawai. Washegari sai ga shi da damin ciyawa a bayan babur, ya fi shi tsawo. Bai gaishe ta ba ma. "Ke ce mai ba dabba leda?" Ya yi mata faɗa kamar 'yarsa, ya sauke damin, ya tafi. Haka ya riƙa zuwa har ruwa ya sauka, kuma duk zuwa sai ya yi faɗa. Ranar da ta ji rasuwarsa a ƙasa ta zauna a ƙofar gidana.

Matasan sun sare gambar har ƙasa, sun tattara buta da murfi da ludayi sun zuba a ramin shara. Duk da haka ban fid da rai ba, domin gamba ba ta mutuwa don an sare ta, daga tushe take tashi. Gawar Kawu tana asibiti ana jiran 'ya'ya da dangi su haɗu, damina kuma ba ta ɗauke ba. Kafin a sa ranar jana'iza filin ya yi toho, kore shar, layi-layi kamar yadda ya dasa. Na tsaya a bakinsa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

A mitin ɗin iyali ne Yaya, babban ɗan Kawu da ke aiki a Abuja, ya ce ya sayo maganin feshi. Za a fesa wa filin, in ya bushe a daidaita shi, a kafa kanofi, a ware wajen fakin. Maganin nan ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, kuma sabon toho ya fi kamawa. Sara aski ne kawai. Feshi kuwa kisa ne.

Na ɗaga hannu kamar 'yar aji. "Yaya, ina ganin, in ba damuwa, wataƙila a sake sarewa kawai ana gobe jana'iza. Ba sai an fesa ba."

"A sare ta sake fitowa? Kin ga yadda ta dawo kuwa? Ogana zai zo, mutanen ofis za su zo, mata da takalma masu tsini. Kina so tushe ya ka da wani a jana'izar ubana?"

"To ko a bar layi ɗaya, na can ƙarshe..."

"Wanne? Nuna mini."

Na kasa nunawa, domin ba buta, ba murfi, duk toho iri ɗaya ne a ido. Na san abin da kowace alama ke nufi, amma ban riƙe wurin kowacce ba.

"Kin gani? Ke da kika yi digiri a kai ma ba ki sani ba." Ya nuna ni da yatsa. "Ke hutu kike zuwa. Mu muka girma a nan. Ni aka riƙa kira ɗan Baba Ciyawa tun ina firamare. Ranar da na gama makaranta yana ina? Yana wata fadama yana haƙar ciyawa. Ya yi rayuwarsa yadda yake so, ban hana shi ba. Ku bar ni in binne shi kamar mutum."

Baffanni suka gyaɗa kai, fasto ya ce a yi addu'a. Ba zan ce ciwon Yaya ƙarya ba ne, na san da gaske yake. Amma a ɗakin nan akwai waɗanda tumakinsu suka yi ƙiba da ciyawar filin, akwai waɗanda 'ya'yansu suka ci jarrabawar aikin gona saboda tsayuwa a ranar Kawu. Ko ɗaya bai buɗe baki ba. Wannan shirun ne har yau na kasa yafewa, ko da yake ina roƙon Ubangiji ya taimake ni.

Mama ba ta cikin mitin, mai takaba ba ta shiga irin wannan magana. Amma gidan ba shi da girman da za a ɓoye mata. Da safe, ranar da mai feshi zai zo, ta aiko a kira ni. Na same ta ta ɗaura ɗankwali a ƙugu.

"An ce ba ki san inda butata take ba."

"Mama, na manta. Ina jin ta wajen rijiya ce, amma..."

"Ba ta wajen rijiya ba ce. Ludayina ne a wajen rijiya. Taso."

Matan zumunta suka ce, "Mama, ba kya fita fa!" Ta ce, "Bayan gidana ne fita?" Ta shiga filin ba takalmi, tana nunawa da ƙafa. Nan murfin tukunyar da uwarta ta ba ta. Nan rariyar da ta nema ranar da take da baƙi. Nan kwanon shan Yaya yana yaro. Ba ta san daga wace fadama aka kawo ko ɗaya ba, ba ta taɓa tambaya ba. Inda aka kai kayanta ta sani, domin kowanne sai da ta zo har wurin ta yi masifa a kai. Tana faɗin kaya, ina faɗin ciyawar. Da muka kai layi na kusa da bishiyar mangwaro ta tsaya.

"Ga ta nan. Sabuwa fil ya ɗauke ta, mugun mutum." Ta share ido da gefen zane. "Me kike jira? Ɗauko fartanya."

Ba mu da inda za mu dasa, ba mu da lokaci. Abin da muke da shi bokitai ne. Yaya ya sa an kawo bokitan roba na rabon jana'iza, an manna hoton Kawu a jikin kowanne, suna jibge a falo. Mama ta ce a kwaso. Matan zumunta suka cire mayafi suka kama haƙa, suna mita suna yi. Kowane tushe muka raba shi da ƙasarsa muka sa a bokiti. Shuɗayen bokitai muka ware wa layin buta, sauran launuka ga sauran layuka.

Yaya ya fito ya gan mu, laka har gwiwa. "Mama, mene ne haka? Kayan rabo ne fa!"

"Rabon za a yi. Kai ka ba da bokiti, ubanka ya ba da abin ciki."

Ya juya ya koma ciki. Amma bai hana mai feshi ba. Mutumin ya iso da jarkarsa a baya muna tsakar haƙa, ya jira a inuwa har bokitai suka ƙare, sannan ya fara daga bakin rijiya. Abin da muka cire bai kai rabin layukan ba. Sauran na tsaya na kalla.

A kan jar ƙasa da busasshen tushe aka yi sujadar jana'iza. Wani babba daga tsohuwar tashar Kawu ya karɓi makirufo ya ce marigayi ya bar gadon da ba zai taɓa gushewa ba, kuma za su tabbatar aikinsa ya ci gaba. A kan layin murfin tukunya yake tsaye yana faɗin haka. Bai tambayi ina ciyawar take ba. Ban sani ba ko ya san akwai ta. Aka tafa masa.

Wajen rabo na tsaya ina bayani har muryata ta dushe: a dasa yau ko gobe, a ba ta ruwa, kada a bar dabba ta taɓa sai ta kama. Wasu suka ce to. Wasu suka yi dariya, "Baba Ciyawa har a kabari!" Wata ta ce a canza mata da shuɗi don ya fi dacewa da banɗakinta. Da yamma na fito raka baƙi bakin titin Abuja, sai na ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Tun daga ƙofar gida har inda ake tsayar da mota, tushen gamba ne zube a gefen hanya, wasu a cikin kwata, wasu tayar mota ta bi ta kai. Sun juye, sun kakkaɓe bokitin, sun tafi da hoton.

Ku da kuka yi haka, na san da yawanku za ku karanta wannan. Kun rera masa waƙa da safe, kun ce ya yi tseren kirki. Bai roƙe ku komai ba yana raye, ku kuka riƙa zuwa da lauje. Sau ɗaya aka ce ku ɗauki ɗan nauyinsa zuwa gida, nauyin da bai fi na kwanon tuwo ba, kuka kasa kai shi bakin titi. Da kun ce ba ku so, da na riƙe. Ba na zagin kowa. Ina so dai ku san na gani.

Na tsince abin da zan iya a buhu, na dasa a bayan makarantar da nake koyarwa. Wasu sun kama. Amma da aka juye su daga bokiti launi ya tafi, ban san wanne ne wanne ba, kuma zai ɗauke ni shekaru kafin in rarrabe, in har zan iya. Shuɗayen bokitai na bi sawunsu gida-gida. Wannan ya ce ya manta a mota, wancan ya ce kaji sun tone. Na Mama ma, da ta dasa kusa da kabarin, bai yi ba, wataƙila don wurin ya sha tattaki, wataƙila don siminti da aka zuba daga baya. Na haƙura cewa layin buta ya bi mai shi.

Bayan Kirsimeti, rani ya kama sosai, Maman Awaki ta buga mini ƙofa. Ita ban je wajenta ba, don ban ga lokacin da ta karɓa ba. Ta ja ni har bayan ɗakinta. Ta kewaye wurin da tsohon kwanon rufi, ta ɗaure da waya. A ciki gamba ce, tushe ɗaya, ta kai ƙuguna, ganyenta ɗanye. Ta huda shuɗin bokitin ta kifa shi a kan sanda a gefe, hoton Kawu yana kallon ƙasa.

"Na ji kin ce haka yake yi da kayan Mama," in ji ta. "Malama, ta bakin rafi duk ta bushe, wannan ko a jikinta. Awakina suna ta kuka a kanta. In yanka musu?"

Na duba ko ruwan wanke-wanke na gangarowa wurin, domin in haka ne korenta ba hujja ba ce. Na tona da yatsa. Ƙasar a bushe take.

"Kada ki yanka," na ce. "Ko ganye ɗaya. Ni zan nemo wa awakinki harawa. In ruwa ya sauka zan zo mu raba ta, ki riƙe rabi."

"Sauran rabin fa?"

"Kakau. Akwai ɗan wurin da siminti bai kai ba, kusa da mangwaro."

"Yayanku zai yarda?"

Ban sani ba, kuma ban tambaye shi ba tukuna. Mama dai ta ce ta ajiye wata buta, sabuwa, kuma ita da kanta za ta huda.

Kawu, Ubangijin da ka bauta wa da lauje a hannu ya ba ka hutu. Sun sare, sun fesa, sun zubar a kwata. Tushe ɗaya ya rage na layin buta, a bayan ɗakin matar da ka yi wa faɗa. Abin tashin ke nan da aka bar mana, kuma zan tsare shi.